Motar Da Ba Tamu Ba

Sufeto yana tsakiyar tuƙa wata doguwar mota a gefen tafki, gilashi a sauke, iska tana shafa masa fuska, sai Sajan ya ƙwanƙwasa tebur. Tafkin ya ɓace. Abin da ya rage shi ne fankar sama da ke juyawa kamar an yi mata dole, da tarin fayil, da shayin da ya huce tun ɗazu.

"Oga, an kawo ƙara. Satar mota."

A caji ofis ɗin nan kowa ya san Sufeto da lumshe ido. Ƙananan ma'aikata suna kiransa Mai-Gyangyaɗi a bayan idonsa, shi kuma ya sani, bai dai taɓa nuna ya sani ba. Shekara ashirin da shida yana aiki bai mallaki ko taya ba, amma babu motar da ta gifta ta gaban tagarsa bai shige ta da zuciya ba. Waɗanda suka ɗauka barci yake yi, da yawansu suna gidan yari yanzu.

Mutum biyu ne a bakin kanta. Na farko matashi ne mai kwat, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Shi ne manajan wani kamfanin fenti. Na biyu dattijo ne gajere, yana riƙe da hularsa da hannu biyu.

"Yallaɓai, ga ɓarawon nan na kawo muku da kaina," in ji Manaja. "Direbanmu ne."

"Motar wa aka sace?"

"Tamu. A'a, ba tamu ba ce. Ta haya ce, shekara uku muka ɗauke ta. Yau Litinin ya kamata mu mayar, mu karɓi sabuwa. Na zo da safe, rumfa wayam."

"An fasa ƙofa?"

"Ko kwarzane babu. Makulli kuwa ɗaya ne, ga shi a aljihun wannan."

Sufeto ya dubi dattijon. "Baba, kai me ka ce?"

"Ranka ya daɗe, ran Asabar na wanke ta, na kulle, na tafi gida. Shekara goma sha tara ina tuƙa musu. Ko allura ban taɓa ɗauka ba."

Babban Oga ya leƙo daga ofishinsa, ya ji rabin zancen, ya yanke hukunci da rabin. A ajiye Direba a bayan kanta, ran Alhamis a kai shi kotu. Sufeto ya ga yadda dattijon ya cire ɗamararsa da kansa ya miƙa, ba musu. Abin ya tsaya masa a rai. In Alhamis ta yi ba a ga motar ba, mutumin nan zai rasa aikinsa da sunansa, kuma da wuya ya fito da ƙafarsa kafin 'yan shekaru.

Harabar kamfanin ƙarama ce, tana warin fenti da kananzir. An jera gwangwanaye har rufi. A kusurwa ga rumfar kwano, ƙasanta a share, sai wani ɗan tabon mai inda motar ta saba kwana. Sufeto ya tsaya a tsakiyar rumfar ya lumshe ido. Ya ga motar a wurinta, ruwan toka, tana sheƙi. Har ya kusa miƙa hannu ya buɗe ƙofa.

"Oga, ga maigadi," in ji Sajan.

Maigadin dogo ne mai jan ido, tun kafin a tambaye shi ya fara rantsuwa.

"Jiya Lahadi ina kake?"

"Nan, wallahi. Ko fitsari ban je ba."

"Nawa aka tashi wasan?"

"Biyu da ɗaya, yallaɓai, kuma alƙalin ne ya cuce..." Sai ya kama bakinsa.

"Ƙarfe nawa ka tafi gidan kallo?"

"Huɗu. Na dawo shida da rabi. Ban leƙa rumfa ba, gaskiya."

"Makullin get fa?"

Maigadi ya nuna wata tukunyar fulawa da ta bushe. "Ƙarƙashin nan. Duk 'yan gida sun sani."

Sufeto ya juya zai fita, idonsa ya faɗa kan wani katako da aka kafa a bangon rumfar. A kansa akwai wani ƙunshi mai sheƙi. Ya sauko da shi. Ledar kujerun mota ce, guda biyar, ta yi duhu don tsufa. An ninke ta kusurwa da kusurwa, an ɗaure da jar roba irin wadda banki ke ɗaure kuɗi da ita.

"Wannan fa?"

Maigadi ya zaro ido. "Ledar kujerun ce! Wa ya cire? Tun ranar da aka kawo motar ba wanda ya isa ya taɓa ta. In ka zauna a ciki da zafi, sai ka ji kamar ana soya ka, amma haka muke haƙuri. Dokar Akanta ce. Ba ci a ciki, ba sha, ba cire leda. Kullum maganarsa ɗaya, motar ba tamu ba ce."

Sajan ya yi dariya. "Ɓarawo mai ladabi, Oga. Ya tsaya ninki."

Sufeto bai yi dariya ba. Ɓarawon da ke sauri ba ya tsayawa tuɓe kujera biyar. Wanda ya yi wannan yana so ne ya ji jikinsa a kan ainihin kujerar, kuma bai iya jira ya fita daga get ba. Ya sa ƙunshin a hammata.

A ofishin sama ya tarar da Manaja yana waya da kamfanin haya, yana ba da haƙuri da murya mai taushi da bai yi amfani da ita a caji ofis ba. A ɗan teburin gefe wani mutum yana zaune, siriri, mai farin gilashi, alƙalumansa uku a jere a aljihu. Ya miƙe ya gaida Sufeto da hannu biyu. Shi ne Akanta.

"Me ya sa kuka ɗauki haya ba ku saya ba?" in ji Sufeto, bayan Manaja ya ajiye waya. Rabin tambayar ta aiki ce, rabi kuwa tasa ce ta kansa.

"Ni da saya na so," in ji Manaja. "Mahaifina bai taɓa hayar ko cokali ba. Amma Kawu ya zaunar da ni kwana uku." Ya nuna Akanta da haɓa. "Ba kawuna ba ne na jini, tun ina yaro yake nan. Ya ce in ka sayi mota, ranar da ta fito daga shago ta fara tsufa a hannunka. Gyara naka, taya naka, inshora taka. In ka gaji da ita ka sayar da asara. In haya ce kuwa, kuɗin wata kawai ka sani, su ke da ciwon kai, bayan shekara uku su ba ka sabuwa. Kuɗin da za ka binne a ƙarfe sai ka sayi fenti da shi."

"Kuma haka ne?"

"Haka ne mana. Mun ga amfaninsa. Shi ya sa da ya zo watan jiya yana cewa mu biya ragowar mu mallake ta, na ɗauka wasa yake."

Sufeto ya ɗan buɗe ido. "Shi ya ce a saya?"

"Har sau huɗu. Na ɗauko takardar da ya rubuta da hannunsa shekara uku da suka wuce, na karanta masa. Na ce Kawu, kai ka koya mini, yau kuma za ka warware?"

Akanta ya gyara gilashinsa. "Mota ce mai lafiya, yallaɓai. Na ga bai kamata a sake ta ba. Ra'ayi ne kawai."

"Ka iya tuƙi, Malam?"

"Ni? Ko keke ban iya ba. Motar haya ta gari nake shiga, shekara talatin."

"Makulli nawa aka ba ku?"

"Ɗaya."

"Jiya da yamma ina kake?"

"Gida. Ni kaɗai nake zaune tun rasuwar mai ɗakina."

Ya amsa komai a natse, bai ƙara ba bai rage ba. Sufeto ya ji tausayinsa, domin ya san irin wannan shiru na mutumin da ke komawa ɗakin da ba mai yi masa sannu da zuwa. Ya yi musu sallama ya sauko.

Washegari da safe ya je kamfanin haya. Ɗaki ne mai faɗi, duk gilashi, sanyi yana ratsa ƙashi. Sababbin motoci suna tsaye a kan tayil kamar ba su taɓa sanin ƙasa ba. Sufeto ya bi ta tsakaninsu a hankali. A gilashin wata fara ya ga kansa da matarsa a gaba, jikoki a baya, hanya miƙe ba iyaka. Muryar wata mata ce ta dawo da shi.

"Yallaɓai, ko a gwada maka ne?"

Wakiliyar kamfanin ce, mai fara'a, da fayil a hannu. Sufeto ya gyara murya ya ce aiki ya kawo shi.

"Babu na'urar bin sawu a motar?"

"Mun ba su zaɓi. Akantansu ya soke, ya ce ƙarin kuɗi ne ba dalili. Mutumin nan ya karanta yarjejeniyar nan fiye da wanda ya rubuta ta."

"Makulli fa?"

Ta buɗe fayil ta juyo masa da shi. "Biyu. Ga sa hannunsa."

Sufeto ya daɗe yana kallon sa hannun, ƙananan haruffa a tsaye kamar sojoji.

"Akwai wani abin da kuka lura da shi game da motar?"

"Tsafta dai ba a magana, ko ƙwayar shinkafa ba ka samu a ciki. Abu ɗaya ne ya ba makanikanmu mamaki. Sau biyu a shekarar nan muna canja mata kuloci. Sun ce sai ka ce motar makarantar koyon tuƙi. Har muka yi tunanin ko direbansu yaro ne."

"Direbansu ya girme ni," in ji Sufeto.

Da ya koma caji ofis ya tarar da matar Direba a kan benci a waje, da kwanon abinci ɗaure a ƙyalle. Tun jiya take nan. Ta durƙusa za ta yi magana, kuka ya hana ta. Ya ce ta tashi, ya wuce ciki, ya sa aka fito masa da mijinta.

Kwana ɗaya kacal, amma dattijon ya faɗa. Sufeto ya tura masa kujera da kofin ruwa.

"Baba, wa kake koya wa tuƙi?"

Direba ya sunkuyar da kai. "Ba kowa."

"Shekara goma sha tara kana tuƙi, kai ke ƙona kuloci sau biyu a shekara?"

Direba ya kawar da kai.

"Jibi kotu. Matarka tana waje, tun jiya ba ta runtsa ba. Wa kake rufa wa asiri?"

"Na yi masa alkawari, ranka ya daɗe."

"Shi ya yi maka?"

Direba ya sha ruwan, ya ajiye kofin a hankali. "Akanta ne. Duk Asabar in mun dawo daga banki, sai mu biya wani fili bayan gari. Wata goma sha huɗu. Ya ce kada in gaya wa kowa, za a yi masa dariya, tsoho da koyon mota. Da farko ko giya ba ya iya sawa. Ranar da ya zagaya filin shi kaɗai, da ya tsaya sai na ga yana share ido. Ya ce tun yana saurayi ya yi wa matarsa alkawarin zai kai ta wani wuri da mota, shi a gaba ita a gefe. Kullum yana lissafi, kullum lissafin yana cewa ba yanzu ba." Ya ɗago kai da sauri. "Amma ba zai yi sata ba. Mutumin da ke hana mu shan ruwa a ciki? Kuma in shi ne, ai da ya zo tun jiya. Ba zai bar ni a nan ba."

Sufeto ya miƙe. Ya sa aka shigo da abincin matar, sannan ya kira Sajan ya ce ya sa kayan gida, ya zauna a shagon shayin da ke kallon kamfanin fenti, ya sa ido a kan Akanta.

Ran Laraba da azahar hadari ya haɗo. Sajan ya bugo waya.

"Oga, ya fito. Mai shayi ya ce shekara da shekaru bai taɓa fita cin rana ba, sai wannan makon."

Sufeto ya sami Sajan a bayan kasuwar katako, inda aka jera garejin haya masu ƙofar kwano. An fara yayyafi. Sajan ya nuna na ƙarshe, wanda ƙofarsa take a ɗan buɗe. Sufeto ya ce ya jira a waje, ya shiga shi kaɗai.

Motar tana nan, ruwan toka, an goge ta har tana ɗaukar ɗan hasken da ke shigowa ta ƙofa. Inji a kashe. Akanta yana zaune a kujerar direba, hannu ɗaya a sitiyari, ɗayan yana shafa kujerar gefe. Idonsa a lumshe. Ruwa yana sauka a kan kwano a hankali.

Sufeto ya buɗe ƙofar gefe ya zauna. Kujerar ta karɓe shi, laushi kamar ba a taɓa zama a kanta ba. Sun ɗan jima a haka, su biyu, suna kallon bangon bulo ta gilashin gaba.

"Ina muka nufa?" in ji Sufeto.

"Bakin ruwa," in ji Akanta, bai buɗe ido ba. "Tana son ruwa. Saura kaɗan mu isa."

"Sai dai mu juya, Malam."

Akanta ya buɗe ido. Bai firgita ba, sai dai kafaɗunsa da suka sauka. Sufeto ya ciro jar robar daga aljihu ya ɗora a gaban sitiyari.

"Ledar ce ta kawo ni. Da ka wurgar da ita, da na fi daɗewa."

"Ba a wurgar da kayan mutane," in ji Akanta. "Tana cikin jerin abin da aka ba mu." Sai ya ji abin da ya faɗa, ya yi wata 'yar dariya mai ciwo. "Shekara uku ina zama a kan leda. Na ce ko sau ɗaya in ji yadda take."

"Sayarwa za ka yi?"

"Sayarwa? Ko titi ban sake hawa da ita ba. Daga kamfani zuwa nan, shi ke nan tafiyata. Ni na ce a ɗauke ta haya, yallaɓai, kuma har gobe gaskiya na faɗa. Na san mota ba dukiya ba ce. Amma da ranar mayarwa ta matso sai barci ya ƙaurace mini. Na roƙi yaron nan ya saya, ya karanta mini rubutuna. Na nemi in saya da kaina, abin da na tara bai kai rabi ba."

"Sai ka tuna da makulli na biyu."

"Yana cikin durowata tun ranar farko. Na zauna na duba ta kowace fuska. Inshora za ta biya masu motar. Kamfaninmu zai karɓi sabuwa. Ba wanda zai yi asara."

"Direba fa?"

Akanta ya cire gilashinsa. Ba tare da shi ba fuskarsa ta koma ta wani tsoho da Sufeto bai sani ba.

"Ban sa shi a ciki ba," ya ce. "Wallahi ban tuna da shi ba, sai da na ga an fita da shi."

"Daga nan kwana biyu ke nan."

"Kullum ina cewa yau zan zo wurinku. In na fito, sai ƙafata ta kawo ni nan. In ce bari in zauna minti biyar tukuna."

Sufeto ya ji haushi ya taso masa, har ya fi tausayin yawa. Ya fita daga motar, ya zagayo, ya buɗe wa Akanta ƙofa. Sajan ya shigo da ankwa. Akanta ya ɗaga gilashin da ya rage a buɗe, ya zare makullin, ya miƙa hannuwansa.

Da suka isa caji ofis ruwa ya ɗauke. Sufeto ya sa hannu a takardar sakin Direba kafin ya zauna. Aka fito da dattijon yana ƙifta ido, aka miƙa masa ɗamararsa da hularsa. Yana cikin ɗaurawa ya ɗago kai, ya ga Akanta a ɗaya gefen kantar yana kwance tasa ɗamarar.

Manaja ya iso da gudu, ya kama hannun Direba yana cewa Baba ka yafe mini, gobe ka dawo aiki, sabuwar motar kai za ka ɗauko. Direba bai ko dube shi ba. Ya taka har gaban Akanta.

"Malam, ka san ina nan?"

Akanta ya kalli ƙasa. "Na sani."

"Tun ran Litinin?"

"Tun ran Litinin."

Direba ya gyaɗa kai sau biyu. Ya sa hularsa, ya gyara mata zama.

"Ni kuwa na ce musu ba za ka bar ni ba," ya ce.

Sajan ya taɓa kafaɗar Akanta, ya wuce da shi ciki. Direba ya fita. Matarsa ta taso daga benci, ya karɓi kwanon daga hannunta, suka bi gefen titi a ƙafa.